Ranar da Muka Shafa wa Zauren Kawu Sahabi Siminti

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwarmu ta Jega ya san Kawu Sahabi ba ya wuce katanga bai ƙwanƙwasa ta ba. Sai ya tsaya tsakiyar lungu, ya buga da bayan yatsa, ya kara kunne, wani lokacin har ya ɓantari ƙasar ya jefa a baki. Wallahi da idona na ga ya tauna bangon gidan liman, ya tofar, ya ce magini ya yi rowar ciyawa.

Yayan mahaifiyata ne, a gidansa na girma, kuma magini ne ɗan magini. Kun dai san unguwar: gidajen 'yan dako da masu tallar albasa, ginin tubali, rufin azara, kowane indararo na zuba a lungun maƙwabci. Rabinsu hannunsa ne. Amma abin da ya fi so a duniya shi ne zauren gidanmu, wanda mahaifinsa ya gina. Shi kuwa babban ɗansa, Yaya Basiru, ba abin da yake so irin a rushe zauren nan a yi shagon bulo. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja.

Lokacin da Malam Yohanna, malamin makarantar unguwarmu, ya gama gidansa na bulo da kwano, ya gayyaci Kawu ya sa albarka. Ana tsakiyar bazara. Kawu ya shiga, ɗakin zafi kamar tanderu, ya ɗaga kai, gumi na tsiyaya ta gemu, ya ce, “Malam, burodin hwa, yaushe za a hiddo shi?” Malam Yohanna ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar, kullum da azahar a zaurenmu yake duba takardun ɗalibai.

To, wata shekara Kawu ya tafi biki Maiyama, kwana bakwai. Yaya Basiru ya ce tunda rushewa ta gagara, bari aƙalla a sa wa zauren rigar zamani. Ni ma, kaico, na biye masa. Muka shafe gabansa da siminti, muka bi da koren fenti, muna ta jin kanmu.

Kawu ya dawo, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Ya ce, “Kun toshe mishi hanci. Ƙasa numhwashi ta ka yi.” Ya shige gida abinsa. Sai dai duk ranar da hadari ya haɗu, zai ɗauki kujera ya zauna ƙofar gidan da ke kallonmu, ya zura wa bangon ido. Har muka fara cewa tsufa ne.

Cikin marka, wata la'asar, ruwa ya gama ratsa bayan simintin, sai ga shi ya ɓamɓaro gaba ɗaya, rim, a kan sabon babur ɗin Yaya Basiru. Kawu ya tsallako lungu a natse, ya tsallake babur, ya shafa jar ƙasar yana yi mata sannu da haƙuri. Yaya Basiru kamar ya yi kuka ya ce, “Baba, babur ɗina hwa?”

“Shi ba babana yag gina shi ba.”

Bara da kaka Allah ya karɓi abinsa. Kowa a unguwa ya ce shi ke nan, zaure ya zama shago, ni ma raina ya ɓaci tun kafin a taɓa shi. Bana gab da damina na zo daga Aliero. Na tarar da Yaya Basiru a ƙofar gida, wando naɗe har gwiwa, yana tattake laka da ciyawa don yaɓe. Bai san na iso ba, na ga ya lakato ya ɗanɗana. Da ya ganni bai ji kunya ba, ya ce in tuɓe takalmi in shigo.

Allah ya jiƙan Kawu Sahabi. Ya tausaya wa ƙasa duk rayuwarsa. Ya Allah, ka sa ta yi masa sanyi kamar zaurensa.