Baba Irmiya da Bokitin Huluna

Har zuwa kwanan baya, tun gari bai gama wayewa ba, in ka bi ta ƙofar gidan Baba Irmiya a Tibiri, za ka tarar da shi tsugune da soso da sabulu yana wanke hular kwano guda biyu, wadda mu nan muke ce wa kaske. Ɗaya tasa, ɗaya ta fasinja. Matarsa Ƙauna tana gefe tana kwashe 'yan hulunan atamfa daga igiya, waɗanda ta ɗinka don a sa a ƙarƙashin kasken, kada wani ya ce zufar wani ta taɓa shi. In ya gama sai ya yi addu'arsa, ya ɗaure wani shuɗin bokiti mai murfi a bayan babur, ya kama hanyar Maraɗi. Shekara ashirin da shida yana kabu-kabu a haka. Watan jiya gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye.

Wannan bokitin shi ne abin dariyar gari. Baba Irmiya ya lura cewa mutumin Maraɗi ya fi jin tsoron hularsa ta lanƙwashe fiye da kansa ya fashe, mace kuma ba za ta yarda a rusa mata ɗaurin ɗankwalin da ta ɓata rabin awa a gaban madubi tana yi ba. Sai ya yi wa huluna masauki. Ka cire taka, a sa a bokiti a rufe, ka sa kaske, in an isa a mayar maka da abarka lafiya lau. Mata kuwa ya kau da kai, su lulluɓa mayafi, ɗankwalin ya shiga bokiti da ɗaurinsa. Da aka yi wata shekara ana raɗe-raɗin wai akwai kasken asiri da ke juyar da hankalin mutum, sai ya riƙa fara kifa na fasinja a kansa, ya ƙirga goma da ƙarfi, ya cire ya miƙa. Wata tsohuwa mai zogale daga Jiratawa ta ce masa goma ta yi kaɗan, asirin zamani ba ya kamawa da wuri. Ya ƙirga mata ɗari.

Fasinja nawa ya rasa saboda wannan hali? Allah kaɗai ya sani. Abokan sana'arsa su yi sawu uku yana tsaye yana lallashin mutum ɗaya.

Ni Idirisa, malamin lakwal, wato makarantar boko, irin malaman da a nan ake kira Mushe, in faɗi gaskiya, ina cikin manyan masu yi masa ba'a. A fadarmu ta shan shayi a unguwar Zariya, duk ranar da aka tayar da zancen dokar kaske da santir, wato ɗamarar mota, ni ne limamin masu cewa kai nawa ne, in na ga dama in fasa abina. Kuma ina da hujja. Na ce ku dubi yadda ake bin dokar: kaske a rataye a gwiwar hannu, sai an hango polis a ɗora a kai, a wuce a sauke. Duk ƙasar nan babu gwiwar hannun da ta kai ta mutanen Maraɗi tsaro. Santir kuwa, direba ya ce ka jawo ka riƙe da hannu har a wuce shinge, ga shi ya shekara ba a taɓa shi ba, ka sauka da zanen datti tun daga kafaɗa har ƙugu a kan farar shadda.

Abin da ya ba ni haushi, Baba Irmiya bai taɓa musa mini ba. Ya kan ce shi ma bai ga amfanin dokar da ke ƙarewa a shingen polis ba. Ran nan na matsa masa, na ce to don me yake takura wa bayin Allah? Sai ya ce, “Mushe, kai naka ne, ban musa ba. Amma in ya fashe, ni za a aika in gaya wa iyalinka.” Daga baya Ƙauna ta shaida mini cewa an taɓa aikensa. Shekararsa ta biyu a sana'a fasinjansa ya faɗi, kai ya bugi kwalta, shi ya je ya yi sallama a ƙofar gidan mutumin. Bai taɓa ba kowa labarin abin da matar mamacin ta ce masa ba.

Shekara huɗu da suka wuce ɗiyata Hidaya ta haihu a Jiratawa, jikana na fari, kuma an ce sunana za a raɗa masa. Ranar suna na fito da sassafe cikin shadda da sabuwar hular da na yi wata biyu ina jiran mai ɗinki. Tsautsayi, ko in ce rabo, babu kabu-kabu a bakin titi sai shi. Na roƙe shi, na ce yau ɗaya dai ya bar ni da hulata, kakan jariri ne ni. Ya kashe babur, ya buɗe bokiti, ya tsaya yana kallona. Na yi masifa, na ce wannan mulkin mallaka ne. Ya ce lokacina dai ke tafiya. Na jefa hular ciki ina huci.

Mun kusa Jiratawa, daidai gonakin rani, wani jaki da aka ɗora wa buhunan albasa ya faɗo hanya ba sallama. Baba Irmiya ya kauce, yashi ya kwashe tayar gaba, ni dai na ji na tashi sama, sai ƙau! Kaina ya sauka a kan simintin bakin hanyar ruwa. Manoman da suka rugo sun ce da na buɗe ido abin da na fara tambaya shi ne ina hulata. Tana cikin bokiti, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Kasken kuwa ya tsage tun daga goshi har ƙeya, shi kuma Baba Irmiya ya gurɗe gwiwar da ta sa shi ajiye aiki watan jiya.

Maɓallin kasken ya cije, ya ƙi buɗuwa. Haka na shiga taron suna, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Idirisa, kakansa na zaune a sahun gaba da fasasshen kaske a kai. Sai da wanzamin da ya zo yi wa jariri aski ya sa aska ya yanke igiyar. Hoton yana nan a wayar kowa a fadarmu, duk ranar da na buɗe baki zan yi gardama sai wani ya ɗaga mini shi.

Baba Irmiya na Ƙauna, mai kaske biyu, kai ne ka yarda a yi maka dariya shekara da shekaru don kada a sake aikenka gidan kowa. Ba ka da kaki, ba ka da usur, ba ka taɓa kama kowa ba, soso da sabulu da bokiti kawai gare ka. Har yau ina gardamar doka, ka san halina, amma kaskena na kaina, kuma a kai nake sa shi. Matasa 'yan kabu-kabu, ku je Tibiri ku gaishe shi, ku tambayi inda ake sayen bokiti. Mu fasinjoji kuma mu rage taurin kai, na gwada nawa da siminti na ga iyakarsa.

Na gode, Baba. Da ka biye mini ran nan, da ragon sunan jikana masu zaman makoki ne suka ci shi, kuma da kai za a aika ka gaya wa Hidaya. Jiya yaron ya hau cinyata yana ja mini gemu, yana tambaya me ya sa na sa tukunya a kai ranar sunansa. Na ce masa ranar Asabar za mu je Tibiri, ya tambayi mai tukunyar da bakinsa.