Turmin Atamfar Inna a Ƙasar Holan

Ko assalatu ba a kira ba muka ja ƙofar gidanmu na Barking a London, ni da maigida da 'yarmu budurwa, kowa ya lafta riga kan riga har sunkuyawa ta gagare shi. Hutun ƙarshen shekara ne, na samu 'yan kwanaki a asibitin da nake aikin jinya, muka ce bana sai Amsterdam. Su biyun yawon buɗe ido ya fito da su. Ni kuwa da saƙo a wuyana, har da wata jaka da na riƙo babu komai a ciki.

Inna, mahaifiyata da ke Zariya, da sayar da atamfa ta raine mu. Ranar da na gaya mata a waya cewa Holan za mu, sai da ta yi guɗa. "Holan ɗin atamfa? To ki sayo min turmi ɗaya daga tushe, wanda bai zaga kasuwanni ba, shi zan ɗaura bikin jikata. Kuma ki ƙare wa matan garin kallo, ki gaya min irin ɗaurinsu." Tunda na zo Ingila Inna ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Jirgin ƙasa muka shiga, wanda ke bi ta ƙarƙashin teku. Na so in ga ko kifi ɗaya ta taga, sai duhu kawai, 'yata tana ta yi min dariya. Muka ratsa Faransa da Beljiyam, ƙasa shimfiɗe kamar faifai, gonaki sun yi fari da raɓar ƙanƙara. Kafin azahar muna Amsterdam.

Baƙo makaho ne ko da idonsa. Muna fitowa daga tasha na hangi wani jan titi mai santsi a gefen hanya, na ce madalla, ga inda za a ja akwati cikin kwanciyar hankali. Ashe hanyar kekuna ce. Ƙararrawa ta ko'ina, wata tsohuwa mai furfura ta wuce ni fuu, ga yara biyu a wani akwatin katako a gaban kekenta, ta watso min wata magana da ban ji ba amma na san ba gaisuwa ba ce. Maigida ya fizgo ni gefe yana cewa a garin nan mai keke ne sarki. Ban taɓa ganin kekuna haka ba, har bene ake yi musu na ajiya.

Garin kuwa ya burge ni ƙwarai. Ruwa ne ya ratsa shi layi-layi, gadoji ba iyaka, gidaje sirara dogaye sun jeru kafaɗa da kafaɗa, wasu sun ɗan karkata kamar tsofaffi a sahun salla. Da yamma muka shiga kwalekwale mai rufin gilashi, aka kunna fitilu a kan gadoji, hasken yana rawa a ruwa, na ji raina fes. Mai yi mana bayani ya ce a kan turakun itace aka kafa garin saboda ƙasar taɓo ce, kuma ƙugiyar da ke saman kowane gida ta jan kaya ce ta taga, don matakalarsu ko katifa ba ta shiga. Da muka isa masauki na gaskata shi, don da hannu da ƙafa na hau. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tagoginsu ba labule. Kana tafe kana ganin mutum da iyalinsa suna cin abinci, ko a jikinsu. Ni ce ma nake jin kunya ina kau da kai.

Abinci ma mun taɓa. Akwai wani fankensu na lokacin sanyi da ake soyawa a rumfunan bakin titi a barbaɗe da garin sukari, shi kam na ci har na ɓata mayafi. Maigida ya yi jarumta ya sayi ɗanyen kifi da albasa, ya ɗaga kai ya zura kamar yadda ya ga ana yi, ya haɗiye da ƙyar ya ce a bar wa masu shi. Miyar wakensu mai kauri ta ba ni sha'awa, da na tambaya aka ce da naman alade a ciki, muka koma wajen Turkawa muka ci halal. Tsada kam akwai, ko bayan gida za ka shiga sai ka ajiye kusan yuro guda.

Duk wannan yawon idona na kan mata. Na duba a tasha, na duba a jirgin titi, na duba a kasuwar furanni. Baƙar riga, ruwan toka, baƙar riga. Na ce ai sanyi ne, atamfar tana ciki. Washegari na shiga shagunan tufafi ɗaya bayan ɗaya a babban titin kasuwa, ina nuna hoton atamfa a waya. Wata ta ce ko labule nake nema. Wata ta ce in gwada shagon 'yan Afirka. Na ce baiwar Allah, sunan ƙasarku fa ke jikin zanen nan! Ta ɗaga kafaɗa ta ba ni haƙuri. Na fito jikina a sanyaye.

Maigida ya ga na damu, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. In mun koma ki shiga kasuwar Barking ki saya, wa zai sani?" Na ce ni zan sani. Alkawari kaya ne, kuma matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana gaya wa masu saye gaskiyar zane ba ita zan yi wa rufa-rufa ba. 'Yata ta ce, "Mummy, just order it online." Wai in yi oda ta intanet. Na harare ta.

A wani gidan tarihi na fara gane bakin zaren. Mun ga zane-zanen attajiran da, da manyan jiragen ruwan da suka yi fataucin masoro da kanumfari da kirfa, har da ɗakin da ya nuna cinikin bayi. Can gaba sai ga wasu yadudduka na Indonesiya masu zanen kakin zuma, kamar ka ce 'yan uwan atamfarmu ne. Ashe can mutanen Holan suka gano sana'ar lokacin mulkin mallaka, suka kwaikwaya da inji, masu abin ba su karɓa sosai ba, sai kasuwa ta buɗe a wajenmu. Ranar kuwa atamfata na ɗaura a kan wandon sanyi. Wata dattijuwa Baturiya ta tsayar da ni tana yaba kalar, ta ce daga wace ƙasa aka yi wannan? Na juya mata bakin zanen ta karanta da kanta. Ta dafe ƙirji tana dariya, ta ce ita haihuwar garin ce amma ba ta taɓa sani ba.

Ranar Juma'a Allah ya kawo mafita. Maigida ya haɗu da wani mutumin Kumasi a masallaci, ya kwatanta masa unguwar da 'yan Ghana suka fi yawa a kudu maso gabashin gari. Muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muna sauka na ji ƙanshin soyayyar ayaba, na ce yauwa, an zo gida. A wani ɗan shago na tarar da atamfofi jere har rufi, mai shagon wata Hajiya ce 'yar zangon Hausawan Ghana, Hausarta ma irin tasu ce. Da ta ji labarina ta yi ta tafa hannu. "Hajiya, kai ka bar London ka zo nan nema zani? Mutane nan ba su sa shi, mu ne muna sa!" Ta ce masaƙar tana wani gari can kudu, daga can ake kawo mata kai tsaye, bai taɓa hawa jirgin ruwa ba. Na zaɓi shuɗi mai ratsin ruwan goro. Kuɗin ya ɗara na Barking, maigida ya buɗe baki, na ce ya rufe. Na rungume turmin nan kamar jariri, wallahi har da ƙwallata.

Mun dawo London cikin yayyafi, gajiya liƙis. Tun ban cire takalmi ba na kira Inna, na ce saƙonta ya samu, daga tushe. Ta yi ta sa min albarka. Sannan ta ce, "To matan garin fa, yaya ɗaurinsu?" Na ce, "Inna, ba sa ɗaurawa." Ta ce har tsofaffin? Na ce har tsofaffin, baƙi da ruwan toka suke sawa. Na ji tsoron kada in rushe mata abin da ta daɗe tana ji da shi.

Tafiyar nan ta koya min gani ya kori ji, kuma abin da muke ɗagawa don sunan wata ƙasa na jikinsa, wani lokacin mu ne muka ba shi darajar. Amma Inna ta riga ni kaiwa nan. Dariya ta fashe da ita, ta ce, "Allah sarki, bayin Allah! Su yi ta yi mana ado su suna yawo kamar masu takaba. Ni duk zatona koyi muke da su, ashe mu ne masu abin. Maza ki aiko min, in ɗaura a madadinsu."