Mariya da Shinkafar Kirsimeti

A unguwar Gangare ta Jos ba a son ba Mariya labari, domin ba ta taɓa cewa "to" ta yi shiru. Sai ta tambaye ka wa ya gani, da ƙarfe nawa, yana tsaye a ina. Mahaifinta, Malam Labaran tela, shi kaɗai ke jin daɗin wannan hali, shi ya sa ya tsaya mata har ta gama jami'a, ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwajen da 'yan sanda ke kai abin da suka kwaso daga inda aka yi laifi. A can kowa da fanninsa: masu zanen yatsa, masu tantance rubutun hannu, da likitocin da ke buɗe gawa. Ita guba ta zaɓa. Abin da aka fara koya mata, wanda aka ce a kansa aka gina sana'ar tun fiye da shekara ɗari, shi ne ba mai shiga wuri ya fita bai bar alama ba. Ta ce wannan ai da shi aka haife ta.

Mahaifiyarta, Inna Hussaina, tana da ƙawa guda, Dina ta Anguwan Rukuba. Rumfunansu na jere a kasuwar Terminus kafin gobara. Kasuwa ta ƙone, zumunci bai ƙone ba. Duk Sallah nama na tafiya can, duk Kirsimeti shinkafa da kaza na zuwa nan, har a shekarun da mutane ke tsoron taka unguwar juna.

Kirsimetin bara an yi sanyin da tsofaffi suka daɗe ba su ji irinsa ba. Shinkafar Dina ta iso da hantsi. Malam ne kaɗai ya ci, don yara sun fita, Inna kuma tana azumin nafila. Ya yi azahar ya shiga ɗaki ya kwanta. Aka kira la'asar bai fito ba, ashe rai ya yi halinsa.

Kafin Mariya ta iso gida ya cika. Ƙanenta Salim ya tare ta a zaure, ido jawur, ya ce shinkafar ce, har ya zubar da sauran a kwata kada wani ya ci. Matan da suka zo gaisuwa kuwa, Allah ya saka musu, sun wanke kwanon tas, sun share ɗakin Malam sun shimfiɗa tabarmi, wai kada baƙi su tarar da gida a hargitse. Duk abin da ta shekara tana roƙon 'yan sanda kada su yi, 'yan uwanta sun gama shi cikin awa guda da kyakkyawar niyya. Ta roƙi a bar likita ya ɗebi ɗan jini kaɗan kawai, kawunnanta suka ce ba a wulaƙanta gawar Musulmi. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Washegari magana ta fita layi. Samari sun zauna a kwanar layi, an ce wasu na tambayar wanne ne gidan Dina. Wanda ya san Jos ya san ba a barin irin wannan magana ta kwana biyu. Ita kanta Mariya ba ta wanke Dina a zuciyarta ba, kuma hakan ya dame ta ƙwarai, don a bayan matar nan ta yi barci tana jaririya. Amma aiki ya koya mata cewa mai zuba guba yawanci na gida ne, ko mai shiga gida ba sallama.

Tunda ba kwano, ba jini, sai ta nemi wanda ya ga gawar. Malam Datti ne ya yi wa mahaifinta wanka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya ga kumfa a baki, ko amai. Ya ce ko alama.

"Ki gode wa Allah, 'yata," in ji shi. "Shekara talatin ina wanke mamata, ban taɓa ganin irin nasa ba. Leɓɓansa da faratansa jawur kamar mai rai. Alamar cikawa da imani ke nan."

Mariya ta ce amin a baki kawai. Ta san abin da ke bar wa gawa wannan launi. Wata iska ce da gawayi ke fitarwa in yana ci a rufaffen ɗaki, ba wari, ba launi, mutum yana barci sai ya zarce.

Ta shiga ɗakin ta ɗaga tabarmin. A kan ledar da aka shimfiɗa a ƙasa, daf da gado, ga baƙin zagaye inda wani abu mai zafi ya zauna. Ta duba taga, duk wata kafa an toshe ta da ƙyallayen ɗinki, an cusa su da kyau, aikin mai haƙuri. Kaskon wuta kuwa a bayan banɗaki ta same shi, a kife, an juye tokar. Ta bi matan gida ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce da ta shigo ba ta ga kasko a ɗakin ba. An fitar da shi ke nan tun kafin a yi kururuwa, kuma mutum ɗaya ne a gidan a lokacin.

Ta daɗe a tsakar gida. In ta yi shiru, Dina za ta ɗauki laifin da ba nata ba, watakila har da gidanta. In ta yi magana, tsohuwar da ke takaba ce za ta ɗauka. Ranar ce kaɗai Mariya ta yi da-na-sanin karatunta.

Ta sami Inna ita kaɗai, carbi a hannu ba ya motsi. Ta zauna kusa da ita.

"Inna, samari na neman gidan Mama Dina."

Mariya ta ƙara da cewa:

"Na ga kaskon."

Inna ta ajiye carbin. Ta ce:

"Cewa ya yi sanyi yake ji. Har ya ce in bar masa ƙofa a buɗe kaɗan, na ce a'a, iska za ta kama masa ƙirji. Ni na ja masa ita da hannuna."

Mariya ta riƙe hannun, ta ce ita za ta yi wa mutane bayani, ba sai an ambaci sunan kowa ba. Inna ta girgiza kai, ta ce in ba daga bakinta aka ji ba, za a ce 'yar boko ce ke rufa wa baƙi asiri. Ta share fuska da gefen mayafi.

"Kira min Salim. Ki ce ya shigo da abokan nasa duka."