Magaji da Harafin C

Magaji ya cusa hannu cikin buhun gero, ya ɗebo ƙwaya ya ɗanɗana da haƙori, kamar yadda yake yi kowace safiya tun yana saurayi a kasuwar Shinkafi. Haƙorin nan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Daga Zurmi har Kaura Namoda, in Magaji ya ce hatsi ya bushe, ba a sake tambaya. In ya ce mutum na da amana, magana ta ƙare.

Shekarar da ɓarayin daji suka matsa, ƙanwarsa Barakatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta sayar da shanunta tun kafin a kore su. Ta zo tana tambayar inda za ta ajiye kuɗin. Akwai wani ƙaramin banki a Kaura, manajansa mai fara'a, har ta'aziyya yakan zo. Duk da haka Magaji ya buga wa 'yarsa Rahama waya a jami'a. Ta ce akwai kamfanonin da ke auna bankuna, su duba ƙarfin jarinsu da basussukan da suka maƙale musu, su ba su maki da haruffa. Ta bincika.

"Baba, C suka ba shi..." Sai layin ya yanke.

Bai sake kira ba. Ai ya san C. Ranar da Rahama ta samo C a jarrabawar gama sakandare, malamai suka ce kiredit ce, rago ya yanka. Da kansa ya raka Barakatu bankin.

Kafin damina ta zagayo aka garƙame ƙofar bankin, da kuɗinta a ciki. Sai a lokacin Rahama ta ƙarasa maganar da layi ya haɗiye: a wurin masu auna banki, C gini ne da ya riga ya tsage.

Barakatu ba ta taɓa yi masa gori ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Yanzu fura take damawa, gero kuma a shagonsa take awo.

Yau tana zaune tana jiran awo sai Zayyanu mai shayi ya leƙo, yana neman shawarar bankin da zai buɗe asusu.

"Tambayi Yaya," in ji ta, da zuciya ɗaya. "Shi ya san wanga sha'ani."

Magaji ya tofar da ƙwayar da ke bakinsa. Ya laluba takalmansa, ya raɓa ta gefen Zayyanu, ya fice daga shagon.