Ranar da Mai Leƙe Ya Yi Magana a Jangeru

Akwai wata rana a Jangeru da har yau ba ta fita daga raina ba, duk da shekarun da na kwashe ina aikin majigi. Ku da kuka shigo aiki bayan komai ya koma cikin waya, bari in fara gaya muku yadda aikin yake, don ku gane abin da zan faɗa.

A lokacin ina sashen wayar da kan jama'a, ofishinmu yana Kaura Namoda. Ni ne mai kula da na'ura: ni ke ɗora fim, in tada janareta, in kafa farin ƙyalle. Sama da ni akwai jami'in yaɗa labarai, Alhaji Bawa, wanda sai ya sa hannu mota ke fita. Sai mai sharhi, Malam Lawali, wanda aikinsa ya riƙe makirfo ya bayyana wa jama'a abin da suke gani. Da aka cire Zamfara daga Sakkwato aka raba kaya, abin da ya faɗo mana shi ne tsohuwar mota da majigi da tarin gwangwanayen fim da ba wanda ya so. Tsofaffin finafinan gwamnati ne: yadda ake feshin auduga, yadda ake haƙa masai, yadda ake yi wa shanu allura. Sautin yawancinsu ya mutu, masu wasan kuma ba su iya ba. Sai ka ga likita gemunsa na auduga yana zamewa, ko mara lafiya ya mutu, sannan ya buɗe ido ɗaya ya duba ko an gama ɗauka.

Da farko Lawali bayani yake yi tsakani da Allah, mutane kuwa suna watsewa. Wata rana a Zurmi ya gaji, da gemun likitan nan ya zame sai ya ce cikin lasifika, "To, jama'a, ga amfanin feshin auduga, har a haɓa take tsira." Wurin ya ɗauki dariya. Waɗanda suka tashi suka dawo suka zauna. Daga ranar ya shiga sa wa mutanen fim magana a baki, yana kwaikwayon muryoyi, yana yi musu tsiya, in ya zo ƙarshe kuma ya isar da saƙon da aka aiko mu da shi. Alhaji Bawa ya ji labari ya kira shi, ya ce, "Lawali, an ce ka mai da aikin gwamnati wasa." Lawali ya ce, "Ranka ya daɗe, dā magana nake da tabarmi. Yanzu mutane ke zaune a kansu." Alhaji ya yi murmushi ya ƙyale shi.

Ba a jima ba muka yi masoya. Akwai wata ƙungiyar 'yan kabu-kabu, shugabansu Ɗanladi, da ke bin motarmu daga Kaura zuwa Moriki, daga Moriki zuwa Shinkafi, su bar sana'arsu don kallon fim ɗin da suka riga suka haddace. Sun san inda Lawali zai ja numfashi. Kafin ya buɗe baki sun riga shi faɗin rabin maganar. In muka kawo sabon fim mai kyau, mai sauti, tsaki suke yi su ce a sa musu "na banzan nan."

Wanda suka fi so shi ne na allurar shanu, saboda wani mutum guda da ba ya ma cikin masu wasan. Wani saurayin makiyayi ne, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa, da ya faɗo cikin hoto a bayan likita. Zai wuce, ya tsaya, ya zura wa na'urar ɗaukar hoto ido, ya fita, can kuma sai ga shi ya dawo ta ɗaya gefen. Lawali ya sa masa suna Mai Leƙe, ya ba shi wata siririyar murya: "Ku yi haƙuri, ko kun ga jakina?" In ya dawo sai ya ce, "Har yanzu dai ba ku gan shi ba?" Maganar ta shiga gari. A tasha in mutum ya tsaya yana kallonka ba dalili, sai a ce masa ko jakinsa yake nema.

Da shari'a ta shigo, tsarin aiki ya canja. Aka daina tara maza da mata a fili ɗaya bayan duhu. Umarnin da aka ba mu shi ne a nuna fim da rana a cikin ɗaki, maza daban, mata daban, kuma sai da amincewar mai gari da limami. In zaman mata ne, ni da Lawali muna can baya an kange mu da zana, an bar 'yar kafa da hasken majigi zai bi, wata dattijuwa daga gidan mai gari kuma ta zauna a bakin ƙofa. Alhaji Bawa ya gargaɗe mu cewa ƙorafi ɗaya ya isa a rufe sashen, tunda akwai masu ganin majigi kansa bai kamata ba.

A haka muka je Jangeru, cikin bazara, ana shirin allurar dabbobi. An ba mu wani tsohon ɗakin ajiye hatsi, muka toshe tagogi da buhuna. Zaman maza ya tafi daidai, su Ɗanladi sun zo tun daga Shinkafi, an yi dariya har da masu faɗuwa daga benci. Bayan azahar mata suka shigo, da yawansu daga rugagen da ke kewaye. Ɗakin ya yi duhu, ga zafi, ga warin tsohon gero. Na ɗora fim.

Mata ma sun yi dariyar gemun likita. Sannan Mai Leƙe ya shigo ta hagu, ya tsaya, ya dubo mu.

Na jira maganar jaki, ba ta zo ba. Na waiwaya na ga Lawali tsaye da makirfo a bakinsa, idonsa a kan ƙyalle, ba ya ƙiftawa. Sai ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba, mai kauri, a hankali, kuma da Fulatanci. Ni na tashi kusa da ruga, ina ji kaɗan. Abin da ya ce shi ne, "Inna Hure, kada ki jira ni da abinci. In na kai su ruwa zan dawo."

Dariyar ɗakin ta yanke. Ba abin da kake ji sai ƙarar janareta daga waje da kas-kas ɗin fim yana juyawa. Na san wannan fim kamar tafin hannuna, na san saurayin ba ya daɗewa yake juyawa ya fita. A ranar gani na yi ya daɗe. Na kai hannu na taɓa na'ura ko ta maƙale, na tarar tana tafiya daidai, shanun da ke bayansa ma suna motsi. Shi kaɗai ke tsaye yana kallon cikin ɗakin.

Wata tsohuwa ta miƙe daga tsakiyar mata. Inuwarta ta hau ƙyallen. Ta taka har gaba, ta ɗaga hannu ta ɗora a kan fuskar saurayin, hasken majigi yana bin yatsunta. Ta ce, "Jaɓɓo." Ba ta yi kuka ba. Daga nan ya juya ya fita daga hoton kamar yadda ya saba.

Na kashe na'ura ba tare da kowa ya ce in kashe ba. Dattijuwar bakin ƙofa ta janye buhu ɗaya haske ya shigo, mata suka riƙa fita shiru, ba mai kallon wata. Lawali ya zauna a ƙasa, gumi ya jiƙa rigarsa. Na ce, "Malam Lawali, mi kac ce yanzu?" Ya ce, "Jaki na tambaya, kamar kullum." Na ce ba shi ka faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Wallahi, Isa, ni ban iya Fulatanci ba, ban da gaisuwa."

Mai gari ya aiko aka kira mu zaurensa. Liman yana nan, tsohuwar tana zaune a bayan ƙofa. A nan muka ji sauran. Sunanta Hure. Jaɓɓo ɗanta ne na fari. Shekarar wata babbar yunwa ya kora shanu ya nufi arewa, wajen iyaka, neman ruwa, bai dawo ba, ba a ga shanun ba, ba a ga gawa ba. Maganar da ta fito daga lasifika ita ce ta ƙarshe da ya faɗa mata a bakin bukka. Tun daga nan ta hana a yi masa sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. Kowace rana tana rage masa fura a ƙwarya.

Na ɗauka aikinmu ya ƙare a ranar. Liman ya tambayi Lawali ko yana da wata hulɗa da iskoki, Lawali ya rantse ba shi da ita. Sai tsohuwar ta yi magana daga bayan ƙofa, da Hausarta mai karyewa. Ta ce, "Ku ƙyale yaron nan, ba abin da ya yi. Abu ɗaya nake roƙo. Ɗana mai na'ura, ka sake nuna mani shi, amma kada kowa ya yi magana."

Liman ya ce ba laifi. Muka koma ɗakin, ni da ita da dattijuwar gidan mai gari, Lawali ya ƙi shiga. Na mai da fim baya na saki. Ba sauti, ba sharhi. Jaɓɓo ya shigo, ya tsaya ɗan tsayawar da na sani, ya fita, ya dawo ta dama, ya sake fita. A karon nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba cikin dariya: ƙasusuwan wuyansa a waje suke, shanunsa kuma duk haƙarƙari. Tsohuwar ta kalla har fim ya ƙare ƙyallen ya koma fari. Ta ce, "Ya rame." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya yi sallama ke nan. Ku gaya wa liman a yi masa sadaka jibi."

Da muka koma Kaura na kai wa Alhaji Bawa rahoto da baki. Ya ce wataƙila Lawali ya taɓa jin labarin a kasuwar shanu ya manta, zafi ya dawo masa da shi. Na ce mai yiwuwa ne, ranka ya daɗe. Ya ce, "To ina ya san cewa Jaɓɓo ne a hoton?" Ya yi tambayar, bai jira amsa ba, ya ce a cire fim ɗin daga cikin waɗanda ake fita da su.

Su Ɗanladi ba su ji daɗi ba. Washegari a Moriki suka tare mota suna kiran a sa musu Mai Leƙe. Lawali ya sauka ya gaya musu abin da ya faru, bai rage komai ba. Ɗanladi ya cire hularsa ya yi ta juya ta a hannu, can ya ce, "Ashe duk wannan dariya da ɗan mutane muke yi." Ranar sadakar, 'yan kabu-kabun nan da ba su taɓa sanin Jaɓɓo ba suka yi jerin gwano har rugar Inna Hure, kowa da ɗan geronsa a bayan babur. Maganar jaki kuwa ta mutu a tasha, ba wanda ya hana ta.

Lawali ya ci gaba da aikinsa, ya ci gaba da yi wa likita mai gemun auduga tsiya har ya yi ritaya, masoyansa ba su ragu ba. Amma bai ƙara sa wa wani na bayan hoto magana a baki ba. Ya ce waɗanda suka zo wasa sun san za a kalle su, sun yarda, na baya kuwa hanyarsu kawai suke wucewa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda aka ba ni in koya masa aiki. Fim komai lalacewarsa, mutanen cikinsa na gaske ne, kuma kowannensu akwai gidan da ya fito. Kafin ka kunna na'ura a garin da ba naka ba, ka dubi fuskokin da ke cikin hoton, ka dubi na waɗanda ke zaune, domin ba ka san wa ke jiran wa ba.