Dalar Taurari a Saman Bene

Shekara da shekaru ina buga wa ɗalibai takardu a wani ɗan shago a Samaru. Lokacin jarrabawa har layi ake yi a ƙofa. Sai abin ya soma ja da baya, kowane ɗalibi ya samu laftof ko babbar waya, yana buga abinsa a ɗaki. Ranar da mai shagon ya ce zai mai da wurin na sayar da kayan waya ban yi masa gardama ba, don na fi shi sanin yadda muke wuni babu wanda ya leƙo.

Na haura arba'in a lokacin, maigidana kuma ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙin mota. Wata 'yar cocinmu ce ta ba ni labarin wani aji a Sabon Gari, a saman bene kusa da kasuwa, inda ake koyar da rubuta wa kwamfuta umarni. Ta ce masu wannan ilimin daga gida suke aiki. Na ce ai ni da kwamfuta mun daɗe tare, na je na shiga.

Malamar budurwa ce, iyayenta 'yan kudu ne amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta tas, sai in ranta ya ɓaci take komawa turancin buroka. Ɗaliban kuwa duk sa'o'in 'ya'yana ne. Bayan 'yan makonni ta ba mu aiki: mu sa kwamfuta ta zana dala da taurari, layin farko tauraro ɗaya, na biyu biyu, haka har layi na goma.

Kafin ta zauna na gama. Da hannu na buga su, layi bayan layi. Ta zo ta tsaya a bayana.

"Mama, hannunki da sauri," in ji ta. "Amma ba ke za ki buga ba. In na ce layi dubu fa?"

"Sai in buga dubu, Malama."

Aji ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ja kujera ta sake yi mini bayanin abin da suke kira lup, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta maimaita abu har sai an kai inda aka ce ta tsaya. Ta ce guda biyu zan yi, ɗaya a cikin ɗaya: na waje yana ƙirga layi, na ciki yana jera taurari.

Na gwada. Na manta ban gaya wa kwamfutar inda za ta tsaya ba, sai taurari suka yi ta zubowa, allo ya cika yana gudu, na danna duk abin da na sani bai tsaya ba. Yarinyar da ke gefena ta miƙo hannu ta kashe mini shi ba tare da ta ko kalle ni ba. Washegari taurarin suka fito a layi ɗaya dogo kamar igiyar shanya. Na gyara, sai kowanne ya kama layinsa shi kaɗai. Sauran sun wuce darasi na gaba, ni ina nan. Ranar da na ga kamar na kusa, aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. A cikin Keke, daga Sabon Gari har Samaru, ina zana layukan da yatsa a cinyata, idona na ƙaiƙayi.

Wata ranar Asabar na zo da wuri, daga ni sai malamar tana shara. Na zauna ina kallon umarnin, sai na tuna tafiretar da na fara koyo a kanta: sai ka gama layi kake tura hannunta ka sauko ƙasa. Na cire umarnin saukowa daga lup na ciki na mai da shi na waje. Na danna. Dala ta fito, daga ɗaya har goma.

Malamar ta ajiye tsintsiya ta rungume ni. Da na ga babu kowa sai na tambaye ta abin da ke cina.

"Malama, tsakaninki da Allah, daga nan zuwa a ɗauke ni aiki, da saura da yawa?"

Ta zauna a bakin tebur. "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan ko ƙofar ba ki shiga ba tukuna. Ni da na karanta abin a jami'a, tun da na gama nake nema, babu wanda ya kira ni. Shi ya sa na buɗe ajin nan."

Na yi mata godiya, ban san ta mece ce ba. Na sauko daga benen na kama hanyar gida.

A gida na tarar da maigida a ƙofa, ya miƙe ƙafarsa a kan benci, shi da maƙwabcinmu. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Injiniya ta dawo! Yaya, ta fito yau?"

"Ta fito," na ce.

Ya juya ga maƙwabcin yana murna, yana cewa ai ya faɗa masa, kafin Kirsimeti komai zai canja a gidan nan. Na wuce ciki na ɗora ruwan tuwo, na zauna a kan turmi ina jin su suna ta hira.