Gonar Turnasol ta Baba da Baffa

Jiya a butik, kantin unguwa, na ga bidon mai, irin jarkar nan, da hoton wani fure rawaya a jikinsa, sai na tsaya na kasa miƙa hannu. Kai mai karatu, wataƙila man kawai ka sani. Ni kuwa na san shukar.

Ina yarinya, a ƙauyenmu can wajen Guna, mutanen foroje, masu aikin raya noma, suka kawo iri, suka ce sunansa turnasol, fure mai bin rana, ana matse mai daga ƙwayarsa. Babana da wansa, Baffa, gona ɗaya suke nomawa, gadon ubansu. Suka yarda a rage gero a shuka shi. Wajen jan kunyoyin shuka ne magana ta ɓaci.

Baffa ya ce a ja daga gabas zuwa yamma, iskar hadari ta bi tsakani ta wuce. Baba ya ce kudu zuwa arewa, don kowane kai ya samu fili idan ya juya gabas.

"Yaya, wannan fa ba gero ba ne."

"To, ni za ka koya wa noma?"

Kaka, mahaifiyarsu, ta ce gona ba ta son baki biyu. Ba wanda ya saurare ta. Suka tsaga layi a tsakiya da hauya, kowa ya yi nasa.

Da farko damina ta yi kyau. Har yau ina jin kukan ƙudan zuma cikin furannin nan. Sai wata la'asar hadari ya taso daga gabas, ya daki na Baba a gicciye, ya kwantar da su layi bayan layi, saiwa a waje. Na Baffa suka tsira, har ya yi dariya. Amma da kawunan suka yi nauyi, kowanne ya jingina da ƙeyar na gabansa, suna gugar juna, ƙwaya na zuba, tsuntsaye suka samu wurin sauka. Muka yi ta kaɗa gwangwani muna ihu har muryoyinmu suka dushe. Kawuna marasa ƙwaya muka girbe.

Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ƙanwata 'yar goye ba ta ga damina ta gaba ba. Baffa ya tafi ci-rani arewa, bai yi wa Baba sallama ba, bai kuma dawo ba. Kaka ta rasu tana tambaya ko ya aiko.

Yanzu ba mai shuka turnasol a wajenmu. 'Ya'yan Baffa sun dasa shingen aguwa a kan layin nan da ya raba gonar, aguwar ta kai ƙirji. In na je gida, ta samanta muke gaisawa, kamar baƙi.